Ana ta kukan farashin siminti, wa ke auna ƙarfin abin da ake gina mana?

Tun farkon 2024, lokacin da buhun siminti ya tashi daga wajen naira 5,000 ya haura 10,000, maganar gini a Kano ta koma maganar farashi kaɗai. A rediyo farashi, a Facebook farashi, a majalisar bayan la'asar farashi. Har gwamnatin tarayya ta zauna da manyan kamfanonin siminti a watan Fabrairun shekarar, aka fito da alƙawarin 7,000 zuwa 8,000. Wannan duk kun sani. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da ke neman zama ruwan dare a bakin mutanen da ake ji da su: wai da zarar siminti ya sauko, rushewar gine-gine ta ƙare, kuma mai kawo zancen gwaji da bincike yana ɓata wa jama'a lokaci ne da surutun boko.

Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma tana da haɗari. Benen da ya rufta kan mutane a kasuwar waya ta titin Beirut a ƙarshen Agustan 2022 ya faɗi ne lokacin da siminti bai kai 5,000 ba. Bene mai hawa 21 da ya zube a Ikoyi ta Legas a Nuwamban 2021, ya hallaka mutum sama da 40, ba ginin talaka ba ne da ya rasa kuɗin buhu. Tsada tana ƙara wa mai ha'inci ƙwarin gwiwa, haka ne, amma ha'incin ya riga tsadar zuwa. Abin da ya ba shi wurin zama shi ne a garin nan kusan ba a auna komai. Muna sayen bulo da ido, muna sayen rodi da ido, muna karɓar tifar yashi da ido, alhali ƙarfin waɗannan kaya ba abin da ido ke gani ba ne.

A ɗauki bulo, tunda shi ne gidan kowa. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, tana da ƙa'ida a kansa. Mafi ƙarancin abin da ake nema shi ne bulo ya jure nauyin kusan kilo 25 a kan kowane murabba'in santimita kafin ya fashe, wanda zai ɗauki nauyin gini kuma kusan kilo 35. Haɗin da aka saba ba da shawara shi ne kashi 1 na siminti da 6 na yashi. Masu bincike a jami'o'in ƙasar nan sun sha ɗibar bulon kasuwa daga garuruwa daban-daban suna matse shi a inji, kuma sakamakon da ke ta maimaituwa shi ne yawancinsa bai kai ƙa'ida ba. Ba sai an je nesa ba wajen neman dalili. Mai buga bulo yana lissafin guda nawa buhu zai haifa masa, mai saye yana lissafin nawa ne guda ɗaya, babu wanda a cikinsu yake lissafin kilo nawa zai ɗauka. Gwajin da muka iya shi ne a ɗaga bulo a sake shi ƙasa, in bai tarwatse ba a ce "wannan mai kyau ne, Alhaji." Wannan gwaji yana kama mafi muni ne kawai. Bulon da ke da rabin ƙarfin da ake buƙata zai iya tsallake shi lafiya lau.

Ga kuma abin da ko masu gaskiya a cikin magina ba su cika ba shi muhimmanci ba. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba. Haɗuwa yake yi da ruwa, a hankali, yana fitar da wasu ƙananan ƙwayoyi da ke sarƙe yashi da tsakuwa, kuma wannan aiki yana ci gaba ne muddin akwai danshi. Shi ya sa injiniyoyi ke auna ƙarfin kankare a kwana 28, a kwana 7 kuwa bai wuce wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa ba. In ruwan ya gudu da wuri, aikin ya tsaya a inda yake, kuma ƙarfin da aka rasa ba ya dawowa duka. To a duba garin da muke. A watan Afrilu zafi yana kai maki 40. Da hunturu iska busasshiya ce ƙwarai, tana zuƙe danshi daga duk abin da ta taɓa. Bulon da aka buga da safe aka shanya a fili, aka ɗan yayyafa masa ruwa kwana biyu, aka loda a mota ranar ta uku, an riga an cuce shi ko da an zuba masa siminti daidai. Haka rufin kankaren da aka zuba aka tafi aka bar wa yaro ɗaya da bokiti ya riƙa bayi in ya tuna. Wane sauƙin farashi ne zai gyara wannan?

Akasin haka ma yana nan. Leburori suna son kwaɓi ya yi ruwa-ruwa don ya fi sauƙin ɗiba a kwanon sarki da zubawa. Tun 1918 wani Ba'amurke mai bincike, Duff Abrams, ya nuna cewa iya yawan ruwan da aka ƙara a kwaɓi iya raguwar ƙarfin kankare. Ruwan da ya wuce buƙata yana ƙafewa ya bar ƙananan ramuka a ciki, ta nan ne danshi ke bi ya kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura ya tsaga kankaren daga ciki. Ilimin da ya haura shekara ɗari ke nan, amma har yau bai iso inda ake kwaɓi a Rijiyar Zaki ko Ɗanbare ba.

Rodi kuwa lissafinsa ya fi tsoratarwa. Ƙarfinsa yana bin faɗin bakinsa ne, don haka ɗan ragi a kauri babban ragi ne a ƙarfi. Rodin da aka sayar maka a matsayin milimita 12 alhali 11 ne, ya rasa kusan kashi 16 cikin ɗari na ƙarfen da ke cikinsa. Wanda aka ce 16 ne ya zamana 14, ya rasa kusan kashi 23. Injiniya ya zana ginshiƙi bisa 16, ka biya kuɗin 16, gininka yana tsaye a kan 14. Sannan yawancin rodin da ake yi a ƙasar nan daga narkakken gwangwan ne, wanda ba laifi ba ne in ana sarrafa haɗin, amma in sinadarin kabon ya yi yawa sai ƙarfen ya yi gautsi, ya karye maimakon ya lanƙwashe. Ƙarfen da ke lanƙwasa yana ba da gargaɗi, a ga tsaga, a ga rufi ya sunkuyo, mutane su fita. Mai gautsi ba ya sallama. Ɗan kasuwar da ke Ƙofar Ruwa sau da yawa shi ma bai san abin da ke cikin ƙarfen da aka sauke masa ba, domin babu mai sani sai injin da ke jan rodi har ya tsinke.

Masu cewa "ai ƙaddara ce" ba zan tsaya a kansu ba, domin addinin da ya koya mana imani da ƙaddara shi ne ya haramta tauye mudu. Masu jiran a kafa kwamiti bayan kowace rushewa su ma sun ga iya abin da kwamitoci suka tsinana.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne mai ilimin da ke cewa bincike kayan alatu ne, wai Turawa sun gama binciken siminti, namu kawai mu bi littafi. Littafin Ingila bai san yashin Challawa ba. Bai san yawan laka da ke cikin tifar da aka ɗebo bayan ruwan Agusta ba, laka kuwa tana lulluɓe ƙwayar yashi ta hana siminti kama ta. Bai san hunturunmu ba, bai san ruwan rijiyar da ake kwaɓi da shi a wasu unguwanni ba. Kaya iri ɗaya yana canza hali daga wuri zuwa wuri, shi ya sa kowace ƙasa mai hankali take gwada nata. Kuma ba a ce ba mu da masu yi ba. Akwai sashen injiniyan gine-gine a Jami'ar Bayero, akwai a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, akwai kwalejin fasaha ta jiha, akwai cibiyar binciken gini da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, tun 1978. Kowace shekara ɗalibai suna zuba kankare a ƴan akwatuna, suna jiƙawa, suna matsewa, suna rubuta sakamako. Sai a ɗaure aikin da bango mai kyau a ajiye a kanta, mai buga bulon da ke bayan katangar makarantar bai taɓa jin labarinsa ba. Laifin na ɓangare biyu ne, amma na fi ɗora shi kan hukumomin da ke amincewa da zanen gini ba tare da neman takardar gwajin ko da bulo ɗaya ba.

Abin takaici, binciken da ake rainawa shi ne ma hanyar rage dogaro da simintin da ake kuka da shi. Kano cike take da injinan casar shinkafa, daga Kura zuwa cikin gari. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shinkafar da ba a casa ba ɓuntu ne. In aka ƙona ɓuntu a zafin da aka sarrafa, wanda bai wuce maki 700 ba, aka niƙa tokar ta yi laushi, ana samun gari mai yawan sinadarin silika da zai iya maye gurbin kashi 10 zuwa 20 na siminti ba tare da kankare ya raunana ba. In aka ƙona shi barkatai a fili, tokar ba ta da wannan amfani. Bambancin tsakanin biyun ilimi ne da awo, ba wani abu ba, mu kuwa muna ƙone shi a bakin hanya hayaƙi na shiga idon mutane.

Kakanninmu ma ba da ka suke gini ba. Maginan da suka riƙe Gidan Rumfa tun ƙarni na 15 sun san wace ƙasa ke yin tubali, sun san kwana nawa ake barin kwaɓi da ciyawa ya ruɓa, sun zaɓi azara daga giginya domin gara ba ta cika cin ta ba, sun haɗa makuba daga ɓawon ɗorawa da laso daga katsin marina don hana ruwa shiga. Wannan bincike ne na shekaru, gwaji bayan gwaji, sai dai ba a rubuta shi ba. Ba ina kiran a koma ginin ƙasa ido rufe ba, kamar yadda wasu ke yi don sha'awar tarihi, gidan ƙasar da ba a kula da shi yana kashe mutane da damina kamar yadda ruɓaɓɓen bulo ke yi. Ina cewa ne a auna. Francis Kéré ɗan Burkina Faso ya gina makarantar ƙauyensu Gando da tubalin jar ƙasa da aka ɗan ƙara wa siminti aka matse, kuma a 2022 ya karɓi kyautar Pritzker, mafi girma a fagen zanen gine-gine. Jar ƙasar da ke ƙarƙashin Kano ba ta gaza tasu ba. Abin da muka rasa shi ne wanda zai ce ga adadin simintin da ƙasar wuri kaza ke buƙata, ga nauyin da tubalinta zai ɗauka, ya sa hannu.

Abin da nake nema ba mai yawa ba ne. Hukumar tsara birane ta jihar Kano, KNUPDA, ta daina barin bene ya wuce hawa ɗaya sai an nuna sakamakon gwajin kankare da rodi. A samar da wurin gwaji mai araha kusa da kasuwannin kayan gini, inda mai gida zai kai bulo uku da guntun rodi a faɗa masa gaskiya a rana ɗaya. Ƙungiyar masu buga bulo da malaman jami'a su zauna, a yi bayanin da Hausa, a sa a rediyo. Yadda za a biya kuɗin wannan, masu mulki su nemo, aikinsu ne. Amma a daina gaya wa mutane cewa matsalar tana cikin farashin buhu, domin ko gobe aka mayar da shi 3,000, mai buga bulon da ba a auna aikinsa zai ci gaba da shanya shi a rana ya sayar ranar ta uku, kuma a ƙarƙashinsa ƴaƴanmu za su kwana.