Kitsen nan a cikin bangon jijiyar jini yake, zawo ba ya fitar da shi

Mutumin nan mai shiga trotro, motar haya, daga Aboabo zuwa Kejetia a Kumasi da kwalabensa na maganin gargajiya, Allah ya isa tsakaninmu da shi. Kun dai ji abin da ya sami Baba. Wata huɗu da ajiye ƙwayar da likita ya rubuta masa, don an ce kwalba uku za su wanke masa kitsen jini tas. Yau ga shi kwance, hannun dama ba ya ɗaguwa.

Jama'a, jijiya ba kwata ba ce. Kitsen da ke kayar da mutum a cikin BANGONTA yake. Kolestrol, wato kitsen jinin nan, yana tafiya a jini cikin wasu 'yan ƙunshi, LDL. In sun yi yawa sai su kutsa ƙarƙashin fatar jijiya su lalace a can. Sai ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makrofaj su bi su, su yi ta haɗiya. Abin tausayin shi ne ƙofar da suke haɗiya da ita ba ta rufuwa don sun ƙoshi. Su ci, su ci, su kumbura kamar kumfa, su mutu a wurin. Gawarsu da kitsen su taru shekara da shekaru, wata rana tulin ya fashe, jini ya daskare, hanya ta toshe. Brown da Goldstein, likitocin Amurka da suka karɓi kyautar Nobel a 1985, sun bi diddigin wannan haɗiya tun 1979.

To ta ina ruwan ɗaci zai shiga bango? Ta ina?

Wani zai ce ai Baba ya ji jikinsa sakayau bayan ya sha. Zawo ya yi! Abin da ke hanji ya fita, na bango yana nan. Masu cewa kakanninmu da saiwa suka rayu, na ji, amma ku bar ni da wannan yau. Ƙwayar da ya ajiye hanta take sa wa ta janye LDL daga jini, kullum, shiru, ba ka jin komai. Shi ya sa aka raina ta.

Wallahi da daddare nake kuka. Mutumin da ya goya ni zuwa makarantar allo, yau ni ke ba shi koko a baki.

Af, wa ya san inda ake gwajin kolestrol da sauƙin kuɗi wajen Asawase? Hajiya nake so in kai ranar Litinin, ta ce in ba da sassafe ba, ba ta fita.