Zubi kaɗai ba ya gama ƙafar injin wasa wuƙa

A Damagaram na sha jin ana cewa duk mai zubin tukunyar dalma zai zuba maka ƙafar injin wasa wuƙa, wato faifan da ke juyawa a jikinsa, ka ɗaura nan take ka kama aiki. Maganar da ɗan dalili: alminiyam ɗin ɗaya ne, yana narkewa a wajen digiri 660, gawayi da zuga-zugi sun ishe shi, kuma a ƙasa ake zuba duka biyun.

Amma tukunya zama take yi kan murhu, ita kuwa ƙafar juyawa take da gudu. Ƙarfe na tsukewa idan ya huce, wurin da ya fi kauri ya kan bar rami a ciki, don haka wani gefe ya fi wani nauyi ko ido bai gani ba.

Sa ƙafar a sanda ka juya, ka sa alli inda ya tsaya a ƙasa. In kullum nan yake komawa, akwai saura. Haka za ta riƙa girgiza injin, bakin wuƙa ya fito da kwari da tudu. Shi ya sa ake zuba ta da ɗan ƙarin kauri, a kai wa mai injin fere ƙarfe ya huda tsakiya ya daidaita gefe.