Fitilun da muka gani a sama, da dutsen Zagami

Lokacin zafin bara, bayan isha'i, muna kwance a tsakar gida saboda an ɗauke wuta, sai ƙanwata ta zabura ta ce, "Yaya, dubi can!" Fitilu ne a jere kamar carbi, sun fi ashirin, suna ratsa sama a layi ɗaya, ba ƙara ba hayaƙi. Mama ta hau salati. Ni kaina, ba zan ɓoye muku ba, gabana ya faɗi. Kafin gari ya waye unguwa ta ɗauka: wani ya ce aljanu ne, wani ya ce jiragen leƙen asiri, wani matashi mai yawan kallon YouTube ya rantse baƙi ne daga wata duniya.

Ashe taurarin ɗan'adam ne na Starlink. Tun Mayun 2019 kamfanin SpaceX ke harba su da yawa a lokaci guda, kashin farko guda 60 ne. Kwanakin farko bayan harbawa a jere suke tafiya kafin su watsu, hasken rana kuma na dukan su bayan mu duhu ya rufe mu a ƙasa. Shi ke nan labarin.

Babu wanda ya yi ƙarya a gidanmu ranar. Mun gani da idonmu, fassarar ce ta kuɓuce mana. Nan ne nake rabuwa da masu yaɗa labaran UFO, wato abubuwan da ake gani a sama ba a gane su ba, domin da zarar ka kawo bayani mai sauƙi sai su ce ka ƙaryata mai shaida. Ai mu ne muka fi kowa sanin wannan matsalar. Duk shekara ana samun mutumin kirki, mai salla a sahun gaba, ya ce ya ga jinjirin wata, kwamitin ganin wata ya tambaye shi ina ya gan shi, ƙarfe nawa, ina ƙahonsa ya fuskanta, daga ƙarshe a ajiye shaidarsa ba tare da an kira shi maƙaryaci ba. Jimmy Carter ma, kafin ya zama shugaban Amurka, ya ga wani haske a jihar Jojiya a 1969 har ya rubuta rahoto a kai. Masu bincike da dama sun ce Zara ce, matar wata.

Sojojin saman Amurka sun tara rahotanni 12,618 daga 1947 zuwa 1969. Da suka rufe binciken, 701 ne suka rage ba bayani. Masu imani da baƙi sai su riƙe 701 ɗin su ce ga hujja. Ni kuwa sauran nake kallo, kusan dubu goma sha biyu da mafi yawansu suka zama balan-balan, jirage, taurari da gajimare, alhali masu ganinsu sun yi imani sun ga abin al'ajabi. "Ba a gane shi ba" ma'anarsa bayanan ba su isa ba, ba wani abu ba.

Amma fa masu yi wa mutane dariya su ma su sassauta. Zargin da ake wa gwamnatin Amurka cewa tana ɓoye labarin baƙi ita ta saya wa kanta. Abin da ya faɗo kusa da garin Roswell na Amurka a 1947, wanda wasu ke cewa jirgin baƙi ne, an ce balan-balan ɗin auna yanayi ne, sai a 1994 suka amsa cewa na wani shirin sirri ne na sauraron gwajin nukiliyar Tarayyar Sobiyet. Jirgin leƙen asiri na U-2 ma ya jawo rahotanni masu yawa, hukuma ta yi gum da bakinta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. An ɓoye abu kam, sai dai abin da aka ɓoye ɗin na ɗan'adam ne.

Cikin bidiyoyi uku da ma'aikatar tsaron Amurka ta saki a Afrilun 2020 akwai wanda ake ganin wani farin ɗigo kamar yana tsala gudu a kan teku. Da aka yi lissafi da lambobin da ke jikin bidiyon, sai ya zamana abin yana can sama nesa da ruwa, tafiyarsa kuma ba ta wuce ta abin da iska ke kaɗawa ba. Gudun na jirgin da ke ɗaukar hoton ne. A 2023 wani tsohon jami'in leƙen asiri, David Grusch, ya faɗa wa majalisa cewa gwamnati na riƙe da jiragen baƙi, amma ji ya yi daga bakin wasu, ko ƙusa ɗaya bai ajiye a tebur ba.

Ku kwatanta da Zagami a ƙasar Katsina. Ranar 3 ga Oktoban 1962 wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo daga sama kusa da wani manomi a gonarsa. Aka tono shi, aka auna, aka yanka aka raba wa ɗakunan bincike. Iskar da ta maƙale a cikinsa ta yi daidai da wadda na'urorin Viking na Amurka suka auna a duniyar Mars a 1976. Baƙo ne na gaske daga wata duniya, ya sauka a gonar Bakatsine, kuma har yau duk masanin da ke shakka zai iya neman ɓallinsa ya sa a na'ura ya duba da kansa.