Saglemi da masu haya a Nima

Rahotonku ya ce za a miƙa gidajen Saglemi, waɗanda gwamnatin Ghana ta fara ginawa a wajen birnin Accra, ga 'yan kasuwa su kammala, amma bai faɗi wanda zai iya sayensu ba. A 2012 majalisa ta amince da rancen dala miliyan 200 domin gina gidaje 5,000, aka tsaya a wajen 1,500, sannan aka bar su ciyawa ta cinye harabarsu, ɓarayi suka kwashe wayoyin lantarki. Mu kuwa a unguwannin Nima da Mamobi na Accra, iyali guda na cunkushe a ɗaki ɗaya, mai gida kuma yana neman kuɗin hayar shekara biyu a dunƙule, alhali doka ta ce kada ya wuce wata shida. A ganina, duk kamfanin da ya karɓi aikin, a wajabta masa ware wani kaso domin masu ƙaramin ƙarfi.