Ɗan'uwa direba, in ka kaɗe mutum kada ka gudu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Da masu riƙe sitiyari nake yau, tun daga mai tirela har mai Keke Napep da ɗan acaɓa. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Komai natsuwar direba, yaro na iya faɗo masa a guje daga wani lungu a unguwar Yelwa ko Wunti a nan Bauchi, kafin ya taka birki aikin gama ya gama. Wannan kuskure ne, kuma Allah Ya saukar da hukuncinsa a Suratun Nisa'i, aya ta 92: wanda ya kashe mumini bisa kuskure zai 'yanta baiwa ko bawa mumini, ya kuma miƙa diyya ga iyalan mamacin, sai fa in sun yafe. In bai samu abin 'yantawa ba, ya yi azumin wata biyu a jere. Diyyar raƙuma 100 ce ko dinari 1,000 na zinariya, kuma malamanmu na Malikiyya sun ce a kisan kuskure dangin mutum na wajen uba ne ke haɗa ta, cikin shekara uku. Ba a ɗora maka ita kai kaɗai ba.

Ku lura da "sai fa in sun yafe". Mu nan Bauchi mun sha gani: a je ta'aziyya da liman da mai unguwa, uban yaro ya share hawaye ya ce, "Mun yafe, kwanansa ne ya ƙare." To kai da ka taka mai ka tsere, wa za su yafe wa? Ba su san fuskarka ba, ba su san sunanka ba. Abin da ka bar musu takalmi ne ƙafa ɗaya a kan kwalta, da farantin gyaɗa a kife, da uwa tana cewa "Allah Ya isa" bayan kowace salla. Wataƙila ma da sauran numfashi, da ka ɗauke shi zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da Allah Ya yi masa sauran kwana. Bugewar ba ka yi niyya ba, amma barinsa cikin jini da saninka ka yi. Manzon Allah (SAW) ya sanar da mu cewa abu na farko da za a yi hukunci a kansa tsakanin mutane ranar alƙiyama shi ne jini.

Hukumar duniya ma ba ta ƙyale ka ba. Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7 ga wanda ya yi ajalin wani ta hanyar tuƙin ganganci, kuma ƙin kai rahoton haɗari laifi ne mai zaman kansa. Wanda ya tsaya ya kai mutum asibiti, lauyansa na da bakin roƙon sassauci a gaban alƙali. Wanda aka kamo a garejin gyara da daddare, ana canza masa fitilar da ta fashe ana shafe lotsawar bamba, me zai ce? Yau kowa da waya a hannu, lambar mota ba ta ɓuya. Inshorar dole da kake biya duk shekara ma, in ta gaske ce ba ta bakin titi ba, sai sun nemi rahoton 'yan sanda kafin su biya.

Na san abin da direbobi ke cewa: "Malam, in na tsaya kashe ni za su yi, su ƙona motar." Gaskiya ne, ana yi. In ka ga taro ya harzuƙa, tsira da ranka, amma ka nufi caji ofis mafi kusa, ba gida ba. Ka kira lambar agajin gaggawa, 122 ko 112, ka faɗi inda mutumin yake kwance.

Ku kuma masu ɗaukar dutse da gora, ku ji tsoron Allah. Wa ya naɗa ku alƙalai? Kuna kan direba da duka, wanda aka kaɗe yana can jini na zuba, wasu kuma ɗaukar bidiyo kawai suke. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, don haka ku tare mota ku ɗauke shi.

Kai kuma da ka taɓa yi, a hanyar Alkaleri ne ko ta Ningi, ko shekara goma ce ta wuce: istigfari kaɗai ba ya sauke haƙƙin bawa. Samu malamin da ka yarda da shi da lauya, ku koma garin ku tambayi mai unguwa. Mutanen wurin ba su manta gidan da aka kai gawar ba.

Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kanta.