Allon mota: a cire gargaɗin, a bar kullen gudu

Abu biyu ne ake haɗawa idan ana maganar "buɗe" allon mota, alhali kowanne da hanyarsa. Akwai rubutun gargaɗin da ke fitowa da zarar an tayar da mota, wanda sai ka taɓa alamar ka yarda kafin taswira ta bayyana. Akwai kuma kullen da ke hana bidiyo da rubuta adireshi muddin mota na tafiya. Na farkon a cire shi, ban ga aibu ba, kamfani ne ke kare kansa daga shari'a. Na biyun ne nake da ja a kai, musamman yadda ake yinsa a Kaduna.

A nan Ingila, yawanci mai neman a buɗe masa kulle so yake wanda ke zaune a gefensa ya iya sa adireshi ba sai an tsaya ba. A Kaduna wannan hujjar ba ta da wurin zama. Yawancin manyan motocin tokumbo daga Amurka suke zuwa, taswirar cikinsu kuma ta Amurka ce da Kanada. Ba ta san Kawo ba, ba ta san Rigasa ba. Kowa da wayarsa yake neman hanya. Saboda haka abin da ake buɗewa a gida kallon fim ne kawai, gaskiya ɗaya ce.

Ga yadda kullen yake aiki. A rediyon kasuwa, wato wanda ake saya a sa wa mota daga baya, irin Pioneer da Kenwood, akwai waya koriya mai haske da ake haɗawa da makunnin birkin hannu. Idan an ja birkin, makunnin ya haɗa ta da ƙarfen mota, rediyo ya gane an tsaya, ya saki hoto. Abin da ɗan rewaya ke yi a kasuwar Panteka ta Kaduna shi ne ya murɗe koriyar da baƙar wayar da ke haɗe da ƙarfen mota, shi ke nan, rediyo ya ɗauka kullum a tsaye ake. Sababbin Pioneer ba sa cin wannan dabarar, sai sun ga an ja, an saki, an sake ja, shi ya sa ake sa musu ɗan rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa, da ke karɓar wuta daga shuɗiyar waya mai ratsin fari. Allon Android na Sin kuwa ko waya ba a taɓawa, zaɓi ne a cikin saitin masana'anta.

Ɓarnar tana zuwa ne idan an bar koriyar haɗe da wayar birkin hannu ta motar, sannan aka ƙara haɗa ta da ƙarfe. Nan take jar fitilar birki ta dashbod ta kama, ba za ta ƙara mutuwa ba. Mai mota ya koma ya yi ƙorafi, a ce masa "ba komai Alhaji, fitila ce kawai," ko a rufe ta da baƙin salatif. To wannan fitilar ce dai ke faɗa maka man birki ya yi ƙasa. An sayar da gargaɗin birki an sayi fim. Haka in aka ɗauko wutar rilen daga rawayar waya, wadda ke da wuta ko mota a kashe, batir zai riƙa sauka a hankali, a yi ta zargin mai sayar da batir.

Allon da ya zo da mota daga kamfani, irin na Toyota da Lexus, ya fi dogara da siginar gudu. Masu buɗewa kan yanke wayar gudun su sa makunni a tsakani. Sai dai da wannan siginar ne na'urar ke lissafa tafiya tsakanin saƙonnin tauraron ɗan'adam, don haka da an yanke, alamar motar a taswira sai ta tsaya cak ko ta riƙa tsalle. Haɗarin da ya fi wannan shi ne kuskuren waya. A bayan allon akwai wayoyi biyu a murɗe da juna da kwamfutocin motar ke magana ta cikinsu. A soka musu fitilar gwaji ko a yanke ɗaya, sai fitilun dashbod su tashi gaba ɗaya, wani lokaci motar ta ƙi tashi. Duk soket mai launin rawaya kuma na jakar iska ne, ba a kusantarsa. Mitar auna wuta ake aunawa da ita, ba kwan fitila ba.

Motocin Jamus ba sa son almakashi sam. A BMW da Volkswagen ana shiga ne ta soket ɗin gwaji mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, da manhaja irin BimmerCode ko VCDS, a sauya saiti. A BMW da yawa rubutun gargaɗin layi ɗaya ne ake kashewa, kuma ba ya taɓa kullen gudu, wato ana iya raba su. Sharaɗin shi ne a adana tsohon saitin tukuna, kuma batir ya zama da caja a jikinsa, domin in wuta ta faɗi ana cikin rubutu, na'urar na iya mutuwa, kuɗin sabuwa kuma ba na wasa ba ne.

Dokar Ingila tun 1986 ta hana direba tuƙi yana iya ganin allo mai hoto, sai wanda ke nuna lafiyar motar, ko hanya, ko kyamarar ribas. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka kuma a 2013 ta shawarci kamfanoni da kada wani aiki a allo ya ɗauke ido fiye da daƙiƙa 2 a kallo ɗaya, ko 12 a jimla. Ba wai ina cewa Turawa sun fi mu hankali ba ne, su ma suna buɗewa. Bambancin a hanya yake. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa, daƙiƙa 2 sun haura mita 55. A babbar hanyar Ingila mita 55 ɗin galibi kwalta ce mai layi da shinge. Tsakanin Mararrabar Jos da Jaji a hanyar Kaduna zuwa Zariya kuwa, a cikinsu akwai yiwuwar tirela ta lalace ba alama sai ganye, ko ɗan acaɓa ya biyo hannun da ba nasa ba. Mu muka fi su bukatar kullen, mu kuma muka fi saurin cire shi, har ana yi wa mutum ba tare da ya nema ba, a matsayin gyara.

In don yara ne ko iyali, a sa allo a bayan kujera, yawancin rediyon nan suna da mafitar bidiyo ta baya da kullen bai shafa ba. Mai sayen mota kuma ya gwada kafin ya biya: ya kunna makulli, ya ja birkin hannu ya saki. In jar fitilar ba ta kama ta mutu tare da hannunsa ba, a zaro rediyon a bi koriyar waya a ga inda ta ƙare.