Ɗalibin da ya iya raddi amma bai san maƙwabcinsa ba

Kwanan baya na zauna hira da ɗan ƙanwata, wanda ke aji uku a wata jami'ar Musulunci. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa. Aya ta 13 ta Suratul Hujurat a bakinsa take har da tafsirinta, ya san an yi mu al'ummomi da ƙabilu ne don mu san juna. Sai na tambaye shi bambancin ɗan Katolika da ɗan ECWA. Ya sosa ƙeya, ya ce ai duk coci ɗaya ce. Alhali katanga ce kawai tsakaninsu da wani Bahaushe Kirista, mutumin Malumfashi, shekara goma ke nan.

Ban ga laifinsa ba. Kusan duk abin da ya karanta game da wasu addinai raddi ne: ga inda suka kauce, ga amsar da za ka ba su. Raddi na da muhallinsa, amma magabata sun fi mu haƙurin sauraro. Al-Biruni sai da ya koyi harshen Sanskrit kafin ya rubuta littafinsa kan Indiya wajen shekarar 1030, kuma ya kawo aƙidar Hindu yadda masu ita ke faɗarta. Shahrastani, da ya rasu a 1153, ya shardanta wa kansa a farkon littafinsa kan addinai da ƙungiyoyi, Al-Milal wan-Nihal, cewa zai kawo ra'ayin kowace ƙungiya yadda ya same shi a littattafanta. Babu wanda ya rasa imaninsa a cikinsu.

Iyaye na tsoron kada aƙidar yara ta gurɓata, kuma tsoron nan ba na banza ba ne. To amma yaron ba zai dawwama a ɗakin kwanan ɗalibai ba. Tun 1973 aikin bautar ƙasa ke kai masu digiri jihohin da ba nasu ba. Gobe yana Inugu ko Kalaba, mai gidan hayarsa dattijon coci ne, ɗaliban makarantar da aka tura shi koyarwa ba su taɓa ganin alwala ba.

Darasin zaman lafiya da ake haddacewa daren jarrabawa ba zai shirya shi ba. Ina so jami'o'inmu su riƙa gayyato malamin Kirista ya bayyana addininsa da bakinsa, malamin aƙida na zaune a gefe, ɗalibai su yi tambaya cikin ladabi. Ai a Madina Manzon Allah (SAW) ya karɓi tawagar Kiristocin Najran, ya saurare su kafin ya ba su amsa.